Faɗaɗa Fata a Tiyatar Gyaran Ƙafa

Faɗaɗa fata dabara ce ta tiyatar gyara wadda ake sa jiki ya samar da ƙarin fata a kusa da wurin da ya lalace, domin a rufe shi da fata mai launi da kauri irin na wurin. Likita Charles Neumann ne ya fara bayyana ta a 1957 wajen gyaran kunne, amma ba ta yaɗu ba sai bayan da Likita Chedomir Radovan ya gabatar da jakar silikon, wato wata jaka mai laushi da ke kumbura kamar balan-balan idan an ɗura mata ruwa, a 1976.

Aikin yana buƙatar tiyata biyu. A ta farko ana sanya jakar a ƙarƙashin lafiyayyar fata, a saman tantanin da ya lulluɓe tsoka. Idan yankan ya warke, sai a riƙa ɗura mata ruwan gishiri da allura, galibi mako-mako, har tsawon makonni ko watanni. Matsin yana miƙa fatar, yana sa ƙwayoyinta su hayayyafa, jijiyoyin jininta kuma su ƙaru. A ta biyu ake cire jakar, a yanke tabon, a jawo sabuwar fatar a ɗinke. Da haka ake magance tabon ƙuna, da babbar tawadar Allah, da wurin da aka taɓa yi wa dashen fata ya bar muni.

Sai dai ƙafa ita ce wurin da dabarar ta fi kawo matsala, musamman daga gwiwa zuwa ƙasa. A cinya akwai tsoka da kitse masu ɗaukar matsi, shi ya sa sakamakon ya fi kyau. A ƙwauri da idon sawu kuwa fatar ba ta da kauri, a matse take a kan ƙashi, jini ba ya wadatar ta, kuma tafiya tana girgiza jakar. Saboda haka akan samu shigar ƙwayoyin cuta, ko ɓallewar ɗinki, ko jakar ta huda fatar ta fito, wani lokaci kuma ta danne jijiya har a daina jin taɓi a wani sashe na ƙafar.

Wannan ne ya sa zaɓen majiyyaci ya fi komai muhimmanci. Ba a sanya jakar kusa da buɗaɗɗen miki, ko a fatar da aka gasa da hasken maganin daji, kuma ana yin taka-tsantsan da masu ciwon suga, da masu toshewar jijiyoyin jini, da mashaya taba. Ga sabon rauni mai zurfi da ya bayyana ƙashi, likitoci sun fi son ɗauko tsoka da fata tare da jijiyoyinsu daga wani sashe na jiki.