Kyauta ba ta soke fanshon jinya na tsohon sojan Amurka

Maganar da ke yawo tsakanin iyalan tsofaffin sojojin Amurka ita ce wai duk wanda ya yi kyautar kuɗi cikin shekara 3 da suka wuce ya yi sallama da tallafin jinya na Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA. Wasu har cewa suke sai an sayar da gida tukuna. Ba haka dokar ta ce ba.

Tallafin da ake nufi ƙari ne a kan fansho, na wanda ba ya iya wanka, sa tufafi ko cin abinci sai da mai taimako. Ya shafi wanda ya yi aikin soja a lokacin da doka ta ƙirga a matsayin na yaƙi, ya kai shekara 65 ko ya naƙasa, da kuma matar ko mijin da ya bari. Diyyar raunin da aka samu a bakin aiki dabam take, ba ruwanta da dukiyar mutum.

Tun 18 ga Oktoba 2018 VA ke waiwayar wata 36 kafin ranar da aka shigar da buƙata, ta duba abin da aka bayar kyauta ko aka sayar a wulaƙance. A nan mutane ke ruɗewa. Ba kyautar gaba ɗaya ake hukuntawa ba, sai abin da ya ɗara iyakar dukiya. A 2025 iyakar dala 159,240 ce, an haɗa kadara da kuɗin shiga na shekara, na miji da mata. Gidan da ake zaune ciki da motar hawa ba sa cikin lissafi.

A ɗauka dattijo na da dala 140,000, bara kuma ya ba ɗansa 40,000. Da bai bayar ba, da dukiyarsa ta kai 180,000, ta haura iyaka da 20,760. Wannan rarar ake rabawa da kimanin dala 2,800, wato adadin fanshon wata guda da VA ta yi amfani da shi wajen wannan lissafi a 2025, sai a samu wata 7 na jira, ana ƙirgawa daga watan da ya biyo bayan kyautar. Wataƙila ma wa'adin ya riga ya ƙare kafin ya nema. Wanda dukiyarsa ba ta kai iyakar ba ko da an mayar da kyautar cikin lissafi, babu abin da zai same shi. Komai yawan kyauta, jiran ba ya wuce shekara 5, kuma idan aka dawo da kuɗin cikin kwana 60 da samun takardar hukunci, ana iya rage shi ko a ɗage.

An kawo dokar ne don maganin dillalan da ke ruɗar tsofaffi su ɓoye dukiya a asusun amana, su kuma su kwashe la'ada. Wannan ya yi daidai. Abin da ban ga adalcinsa ba shi ne, kuɗin da mutum ya aika wa ƙanwarsa a Kano ko Kumasi don ta yi rufin ɗaki ma kyauta ce a takarda.

Medicaid, shirin lafiya na gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, mai biyan kuɗin gidan kula da tsofaffi, wata 60 take waiwaya a yawancin jihohi, don haka dabarar da ta tsallake VA tana iya faɗawa hannunta. Doka kuma ta hana karɓar kuɗi don cike wa mutum takardar neman tallafin VA a karon farko. A nemi lauya ko wakilin da VA ta tantance.