Hoton doki da fallen katako: tambayoyi da amsoshi

Wane irin aiki ne wannan? Sassaƙa ce?

A'a. Masassaƙi rage itace yake yi har siffa ta fito, a nan kuwa haɗawa ake yi. Ana yanko siraran fallayen katako masu launi iri-iri, waɗanda kafintoci ke kira finiya, a jera su baki da baki, a manne a kan allo. Kaurin falle yakan kai milimita 0.6. Ba a sa fenti, launin itacen shi ne launin hoton.

Wane katako ya dace da wace dabba?

Jan doki sai maɗaci. Akawal, wato baƙin doki, yana son zuciyar kanya ko kirya, kili, wato fari, kuma farin katako irin malaina ko obeche. Wanda bai samu finiyar inji ba, ya sa a tsaga masa da zarto kamar milimita 2, amma ya sani wuƙa ba za ta ci wannan kaurin ba, sai siririn zarto.

Launi dai ba shi ne babban abu ba. Abin da ke fito da kama shi ne inda layin itacen ya fuskanta. Gashin wuyan doki kwance yake zuwa kafaɗa, geza tana zubowa ƙasa, gashin fuskar mussa kuma yana bazuwa daga hanci. In layin itace ya gitta wa kwanciyar gashi, ko launi ya yi daidai, mai dabbar zai ce ba tasa ba ce.

Yaya ake yankan?

A samu hoto mai haske, a rage shi zuwa launi biyar ko shida. Sabon hannu yakan so ya bi kowane gashi, sai hoton ya dagule. A kwafi zanen da takardar kabon a kan fallen da zai zama bango. A yanke gaɓa ɗaya, misali kunne, ta bar taga. A zura wani falle ƙarƙashin tagar, a riƙa juya shi har layinsa ya bi gashin, a shata da bakin wuƙa, a ciro a ƙarasa yankan. A shafa ɗan gam a gefen, a cusa, a liƙe da tef ɗin takarda, sannan a buɗe taga ta gaba. Wuƙar fiɗa ta likitoci mai lamba 11 ake so, a bi layi sau uku ko huɗu a hankali. Dannawa da ƙarfi sau ɗaya tsaga falle take yi.

Inuwar ƙarƙashin muƙamuƙi fa, tunda ba fenti?

Da rairayi mai zafi. A tankaɗe rairayin gulbi, a ɗora a kasko kan garwashi, a tsoma bakin fallen daƙiƙa biyar zuwa goma. A fara gwadawa da guntu. Zafi yana sa falle ya tsuke, don haka a ƙona kafin yankan ƙarshe.

Wanda ba ya son hoton abu mai rai fa?

Da wannan hanyar ake fitar da dagin Arewa, ko rubutun Larabci, ko zanen ƙofar fada.

Me ke sa aiki ya tsage ko ya kumbura?

Yanayinmu. A Gusau ko Birnin Kebbi, itace yana shan laima da damina, ya ƙanƙance da hunturu. Shi ya sa allon ya zama filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12, kuma dole a manna wani falle a bayansa. Aka manne fuska ɗaya kawai, allon zai lanƙwashe.

Wajen manna hoton a kan allo, farin gam na kafintoci za a shafa, a jikin allo ba a jikin falle ba, siriri ko'ina. A shimfiɗa leda, a ɗora katako mai leɓur, a matse ya kwana. Gam mai kamawa nan take bai dace ba, ba ya bari a gyara zama. In wuri ya kumbura, a tsaga shi da wuƙa ta bin layi, a zura gam, a danna da dutsen guga mai ɗumi.

Kafin goga da sanfefa a shafa sila, ruwan da ke toshe ƙofofin itace, don ƙurar maɗaci tana rina farin itace. Sanfefa mai lamba 180, sai 240, sai 320, da hannu, domin inji yana cinye falle kafin a ankara. Bayan fanish a rataye shi inda rana ba ta bugawa, nesa da bangon da gara ke bi.