Mutuwar fursunoni a Amurka: abin da alƙaluma suka nuna

An daɗe ana cewa a gidajen yarin Amurka baƙaƙen fata sun fi fararen fata mutuwa, kuma zaton yana da dalili, tunda ana ɗaure su fiye da kasonsu a cikin al'umma. Sai dai alƙaluman gidajen yarin jihohi sun nuna cewa a cikin kowane fursunoni 100,000, fararen fata ne suka fi mutuwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsofaffi sun fi yawa a cikinsu. Maza ma sun fi mata mutuwa, galibi sanadiyyar ciwon daji da ciwon zuciya.

Mai son tantancewa ya duba ko an auna mamatan da yawan fursunonin kowane rukuni, sannan ko an kwatanta masu shekaru ɗaya. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.