Waiwaye: hawa da saukar hannun jarin Nvidia kafin ya iso wayoyin matasan Zariya

Tun daga 2023 sunan Nvidia ya shiga bakin matasan Zariya masu sayen hannun jari ta waya, daga ɗaliban Samaru da Kongo har masu shagunan PZ. Yawancinsu tashin farashin suka tarar, ba su ga zubewar da aka sha yi a baya ba.

A 1993 Jensen Huang da abokansa biyu, Chris Malachowsky da Curtis Priem, suka kafa kamfanin a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sana'arsa tsara cip, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke fito da hoto a allon kwamfuta, kuma masu wasannin bidiyo ne kwastomominsa na farko. Har gobe tsarawa kawai yake yi, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera masa mafi yawa. A Janairun 1999 ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq kan dala 12 kowane hannun jari. A 2002 darajarsa ta zube da fiye da kashi 80 cikin 100. Ta farfaɗo, sai 2008 ta zo da rikicin tattalin arzikin duniya da kuma matsalar wasu cip ɗinsa na laftof, kusan kashi uku cikin huɗu suka sake tafiya.

Abin da ya sauya labarin kuwa ba a kasuwa ya faru ba. A 2006 kamfanin ya fito da CUDA, manhajar da ta ba masana damar sa cip ɗin hoto ya yi lissafi mai nauyi. Shekaru aka yi ana ganin ɓarnar kuɗi ce. Sai a 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hoto da cip biyu kacal na Nvidia, suka yi wa abokan gasarsu fintinkau.

Amma kafin ƙirƙirarriyar basira ta kawo kuɗi, 'yan kirifto ne suka rigaye ta. A 2017 masu haƙar kirifto, wato masu sa kwamfuta lissafi don samun kuɗin intanet, suka wawashe cip ɗin Nvidia har suka yi tsada. Da kirifto ya karye, kaya suka yi kwantai, kuma daga Oktoba zuwa Disamban 2018 hannun jarin ya rasa fiye da rabin darajarsa. Haka aka maimaita daga Nuwamban 2021 zuwa Oktoban 2022, lokacin da kusan kashi biyu cikin uku suka narke, ga shi Amurka ta fara taƙaita sayar wa Sin manyan cip. Wanda ya taɓa ajiye masara da kaka yana jiran bazara, farashi ya juya masa baya alhali kuɗin aro ne, ya san irin wannan rashin barci.

A Nuwamban 2022 ChatGPT, manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira, ya fito, kamfanoni suka yi rububin cip ɗin Nvidia don gina irinsa. A Mayun 2023 darajar kamfanin ta taɓa dala tiriliyan 1, ta haura tiriliyan 3 a Yunin 2024, ta kai tiriliyan 4 a Yulin 2025. A tsakanin haka, ranar 27 ga Janairun 2025, labarin cewa kamfanin DeepSeek na Sin ya gina manhajar ƙirƙirarriyar basira da kuɗi kaɗan ya sa ta faɗi da kashi 17 cikin 100, kusan dala biliyan 600 a yini ɗaya.

Ga mai saye daga Zariya akwai wani hawan a kan wannan, shi ne dala. Manhajoji irin su Bamboo da Trove da Chaka sun buɗe ƙofar sayen ɗan ɓangaren hannun jari da kuɗi kaɗan, duk da dai a Agustan 2021 Babban Bankin Nijeriya ya samo umarnin kotu na rufe asusun wasunsu na wani lokaci. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Saboda haka hoton ribar da ake turawa a WhatsApp ana cewa “Malam, ka ga abin da ka rasa,” wani babban kaso nasa faɗuwar naira ce, ba ƙwazon mai saye ba. Ribar da kamfanin ya riƙa rabawa kuwa ba ta taka kara ta karya ba: bayan raba kowane hannun jari gida 10 a 2024, senti 1 ya riƙa biya kan kowane ɗaya duk wata uku, kuma Amurka na cire harajin kashi 30 cikin 100 daga ciki.

A ganina, tambayar da ta dace ba “zai ƙara tashi?” ba ce, ita ce wa ke sayen kayan a yanzu, kuma har yaushe? Jiya masu wasa ne, sai 'yan kirifto. Yau 'yan tsirarun manyan kamfanoni ne, Microsoft da Amazon da Google da Meta, masu gina cibiyoyin bayanai, kuma dukkansu huɗun sun riga sun fara tsara nasu cip ɗin.