Yadda Jikin Ɗan Adam Ke Sabawa da Motsa Jiki

Motsa jiki yana haifar da sauyi iri biyu a jikin mutum: wanda ke bayyana nan take, da wanda ke ginuwa sannu a hankali idan an dage da atisaye na makonni da watanni. Da zarar mutum ya fara gudu, tsokokinsa suna neman ƙarin iskar oksijin, sai numfashi ya ƙaru, zuciya ta hanzarta, jini kuma ya ragu a kayan ciki ya karkata zuwa tsokokin da ke aiki. Zuciyar baligi da ke zaune tana harba kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya, amma yayin aiki mai tsanani adadin yakan kai lita 20 zuwa 25.

Sauyi mai ɗorewa ya fi fitowa fili a zuciya. Ɗakinta na hagu na ƙasa yana faɗaɗa, yana tura jini mai yawa a bugu guda, don haka ba ta buƙatar yawan bugawa. Zuciyar yawancin manya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan suna hutawa, alhali ta ƙwararrun masu gudun dogon zango takan sauka zuwa wajen 40. A cikin tsoka kuwa ƙananan hanyoyin jini suna yawaita, haka ma mitokondiriya, wato sassan ƙwayar halitta da ke sarrafa abinci su fitar da ƙarfi. Masanin Amurka John Holloszy ne ya tabbatar da ƙaruwar mitokondiriyar a 1967, bayan ya horar da ɓeraye da gudu.

Mai ɗaga ƙarfe yakan ga ƙarfinsa ya ƙaru tun makonnin farko, kafin damtsensa ya yi kauri ko kaɗan, domin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo ne ke fara koyon tayar da zaren tsoka masu yawa a lokaci guda. Kaurin yana biyowa baya, kuma a lokacin hutu da barci ake gina shi, abin da masu ɗokin ganin sakamako ke yawan yin sakaci da shi. Tsamin jikin da ke tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye, har sauka daga matakala ta zama wahala, yana fitowa ne daga ƙananan raunuka a zaren tsoka da kumburin da ke biyo su. Sinadarin laktik, wanda tsoka ke fitarwa yayin aiki mai tsanani kuma ake ɗora wa laifin tsamin, yakan bar jini cikin kamar awa ɗaya.

Ƙashi ma yana ƙara ƙwari a inda nauyi ke sauka a kansa, kamar yadda likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana a 1892. Wanda ke atisaye cikin zafi yana sabawa a kwana 7 zuwa 14: gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu, ruwan jini ya ƙaru.

Idan aka daina atisaye, juriyar numfashi takan fara raguwa cikin makonni biyu zuwa huɗu, ƙarfin tsoka kuwa ya fi jimawa kafin ya zube.