Wai me ake nufi da "sauyin yanayi"?

Tun da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a nan Damagaram a watan Satumba na 2024, ba ka kunna rediyo ba ka ji "sauyin yanayi" ba. Hazo ya taso, sauyin yanayi. Magudanar unguwa ta toshe da leda ruwa ya shiga gidaje, shi ma sauyin yanayi. Mai neman kujera ya samu inda zai rataya laifi.

Matsalar daga kalmar "yanayi" take, don ta ɗauki kaya da yawa: zafin yau yanayi ne, halin damina na shekara talatin ma yanayi ne. Na biyun masana ke nufi, wato ɗumamar duniya sakamakon hayaƙin fetur, gas da kwal, har lokacin shuka ya daina tsayawa inda aka san shi. Fari guda bai isa a kira shi haka ba. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1913, iyayenmu sun ga El-Buhari a 1984, kowace yunwa da sunanta da labarinta.

Irin wannan labari na gida kuwa shi ke motsa mutane. Dubi gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Tsofaffi na cewa Sarki Tanimun na Damagaram ya hana sare shi, wanda ya sare kuwa a bakin ransa. Ko an taɓa zartar da hukuncin ko tsoratarwa ce, maganar ta yi fiye da shekara ɗari tana yawo. Haka tsamiya da kuka: tsoron iskoki ya tsare su daga gatari fiye da duk wani ma'aikacin gandun daji. Da manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka koma barin tohon itace a gona bayan farin 1984, abin da ake kira sassabin zamani, ba wani baƙon abu suka koya ba. Tsakanin Maraɗi da Damagaram ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka sake yin itatuwa.

Shi ya sa nake jin haushi in ɗan boko ya yi wa masu fita roƙon ruwa dariya. Dattijon da ke sahun gaba a filin idi, sau da yawa shi ne mai gawo ashirin a gonarsa.