Gidajen Shaƙatawa na Rumawa a Bakin Teku

Gidajen shaƙatawa na bakin teku manyan gine-gine ne da attajirai da masu mulkin Rum suka riƙa ginawa a gaɓar tekun Italiya, musamman a kewayen mashigin ruwan Napoli, tun daga ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba don noma aka gina su ba, kamar yadda aka yi gidajen gona na karkara. An gina su ne domin hutu da karatu da nuna arziki, kuma abin da maginin ya fi kula da shi shi ne abin da ido zai hango daga cikin ɗaki.

Wannan ne ya sa aka bar tsohon tsarin gidan da ke kallon tsakar gida, aka miƙe ginin a tsawon gaɓa, hawa-hawa, da dogayen barandodi masu jerin ginshiƙai suna fuskantar ruwa. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne tokar dutse mai aman wuta ta yankin Futiyoli, kusa da Napoli, wadda in an cuɗa ta da farar ƙasa take daskarewa har a ƙarƙashin ruwa. Marubucin Rum Filini Ƙarami ya bayyana a wata wasiƙa cewa ɗakin cin abinci na gidansa da ke Laurentum, kusa da birnin Rum, ya kutsa cikin gaɓa, ta yadda igiyar ruwa kan taɓa bangonsa idan iskar kudu maso yamma ta taso. Wasu kuwa sun wuce gona da iri: Lukullus, wani attajirin janar na Rum, ya huda tsauni domin kawai ya shigar da ruwan teku cikin tafkunan kifinsa.

Lambun ma gini ne, ba daji ba. Ana jera bishiyoyi daidai da ginshiƙai, ana aske shinge, ana kafa mutum-mutumin marmara a ƙarshen kowace hanya. Gishirin teku kan hana wasu tsirrai rayuwa, don haka Filini ya shuka rosmeri, wani tsiro mai ƙamshi, a inda feshin ruwa yake kashe masa shinge, ya kuma cika lambun da ɓaure. A gidan Oplontis da ke yankin Napoli, wanda aman wutar dutsen Besubiyus ya binne a shekarar 79 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), akwai tafkin ninkaya mai tsawon kusan mita 60, kuma an zana lambuna da tsuntsaye a bangon ɗakunan ciki, har mai kallo ya rasa inda zane ya ƙare da inda ganye na gaskiya ya fara.

A wannan gida ne masaniya Wilhelmina Jashemski ta yi aikin da ya fi kowane ban sha'awa. Saiwoyin bishiyoyi sun ruɓe sun bar ramuka a ƙasa. Sai ta kwashe tsakuwar dutsen da ta cika su, ta zuba siminti, ya fito da siffar saiwar, aka gane girman kowace bishiya da wurin da ta tsaya. Bisa wannan shaida aka sake dasa lambun a kan tsohon tsarinsa.